Zafin Rana ko Hasken Rana? Nazari a kan Ɓoyayyen Haske da Ƙwayoyin Mast na Fata

1.0 Gabatarwa

Mazaunin Gwagwalada ba ya bukatar a yi masa bayanin rana. Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, manomin doya a Dobi da ɗan acaɓa a tasha da mai talla a bakin kasuwa duk sun jiƙe da zufa. Saboda haka ne idan aka tashi yi wa mutum nasiha sai a ce da shi, "Ka guji zafin rana." Haka ake faɗa a gida, haka kuma ake yawan ji a shirye-shiryen kiwon lafiya na rediyo.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan jimla, duk da daɗinta a kunne, ba ta ɗauke da dukkan saƙon da likita yake son isarwa. Abin da ke ɓata fata har ya kai ta ga sankara ba zafin da muke ji ba ne. Wani irin haske ne da ido ba ya gani, fata kuma ba ta jin saukarsa. Za mu duba wannan haske, da yadda yake taɓa wasu ƙwayoyin halitta na cikin fata da ake kira ƙwayoyin mast, da abin da ke biyo baya. Daga nan za mu koma kan abin da ya shafe mu kai tsaye, wato kalmomin da ya kamata a yi amfani da su wajen bayyana wannan ilimi da Hausa. Da yawa daga cikinmu za su zama masu fassara, ko ma'aikatan rediyo, ko malaman makaranta. Akwai mutanen da lafiyar fatarsu ta rataya a kan kalmar da za mu zaɓa, musamman masu lalurar zabiya.

2.0 Ɓoyayyen Haske

Idan aka dubi bakan gizo za a ga launuka a jere, ja a gefe guda, shunayya a ɗaya gefen. Nan ne iyakar ganin idon ɗan Adam, amma ba nan ne iyakar hasken rana ba. Bayan ja akwai wani haske da ba a gani, wanda yake ɗauke da kaso mai yawa na ɗumin da muke ji a jiki. Bayan shunayya kuma akwai wani, wanda wani masani Bajamushe mai suna Johann Ritter ya gano a shekarar 1801. Ya lura cewa takardar da ya shafa wa wani sinadarin azurfa ta fi saurin yin baƙi a wurin da ke gaba da shunayya, inda ido ba ya ganin komai. Masana kimiyya suna kiran wannan haske altirabayolet, ma'ana "wanda ya wuce shunayya". A wannan maƙala za mu kira shi ɓoyayyen haske.

Ana auna zangon haske da nanomita, wato kashi 1 cikin biliyan na mita. Da wannan ma'auni aka kasa ɓoyayyen haske gida uku:

(a) Nau'in A, daga nanomita 315 zuwa 400. Shi ne kimanin kashi 95 cikin 100 na ɓoyayyen hasken da ke isowa doron ƙasa. Yana ratsa fata da zurfi, yana kuma iya wuce gilashin taga.

(b) Nau'in B, daga nanomita 280 zuwa 315. Iskar ozon da ke can sama tana tare mafi yawansa. Ɗan abin da ya iso shi ne babban mai haddasa ƙunar rana. Shi ne kuma yake sa fata ta haɗa bitamin D, wanda ƙashi yake bukata.

(c) Nau'in C, daga nanomita 100 zuwa 280. Wannan ba ya isowa ƙasa, domin sararin samaniya yana shanye shi gaba ɗaya.

Gwagwalada tana kusan digiri 9 ne arewa da layin ikwaita, don haka rana tana tsayawa kusan a tsakar ka a yawancin watannin shekara, kuma ɓoyayyen haske yana sauka da ƙarfi. Amma ƙarfinsa ba ya bin zafin gari. Misali, kowa ya san Jos ta fi Gwagwalada sanyi. To amma Jos ta fi Gwagwalada tudu da kusan mita 1,000, kuma bisa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, duk hawan mita 1,000 yana ƙara ƙarfin ɓoyayyen haske da kimanin kashi 10 cikin 100. Ke nan idan sama ta yi garau a garuruwan biyu, mutumin Jos da yake sanye da rigar sanyi zai iya fin na Gwagwalada shan wannan haske. Haka kuma girgije mara kauri yana rage zafi, amma kaso mai yawa na ɓoyayyen haske yana ratsa shi. Iska mai sanyi ma tana sanyaya jiki ne kawai, ba ta kore haske.

3.0 Fata da Ƙwayar Mast

Fata hawa biyu ce. Akwai fatar sama, wadda ba ta da hanyoyin jini. A nan ne ake samun melanin, wato sinadarin da ke ba fata da gashi da ido launi, wanda kuma yake shanye ɓoyayyen haske kafin ya yi ɓarna. Sai fatar ƙasa, inda ake samun ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin ji da tushen gashi. A wannan hawa na ƙasa ne ƙwayoyin mast suke zaune, mafi yawansu a gefen hanyoyin jini da bakin jijiyoyin ji. Ana kuma samun su a hanci da huhu da hanji, wato duk inda jiki yake haɗuwa da abin da ya zo daga waje.

Wanda ya fara bayanin wannan ƙwaya shi ne Paul Ehrlich, a kundin digirinsa na likita a Jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus a 1878. Da ya rina nama ya duba a madubin likita, sai ya ga wasu ƙwayoyi cike maƙil da ƙananan ƙunshi. Ya ɗauka abinci ne suka tara, don haka ya laƙaba musu kalmar Jamusanci "mast", wadda ke nufin kiwon dabba domin ta yi ƙiba, irin abin da Bahaushe yake kira kiwon turke. Daga baya aka gane ba abinci ba ne a cikin ƙunshin. A 1953 James Riley da Geoffrey West, a garin Dundee na ƙasar Birtaniya, suka nuna cewa ƙwayar mast ita ce babbar ma'ajiyar sinadarin histamin a jiki. Ban da histamin, ƙunshin yana ɗauke da wasu sinadarai kamar hefarin da tiriftes, kuma ƙwayar tana iya haɗa wasu sababbi idan an taɓa ta.

Aikin ƙwayar mast ya yi kama da na mai gadin unguwa da yake riƙe da usur. Idan sauro ya ciji mutum wurin ya tashi yana ƙaiƙayi, ita ce ta busa usur. Idan mutum ya ci wani abin da jikinsa ba ya so, borin jini ya feso masa, ita ce. Atishawa da yoyon hanci da wasu suke fama da su idan sun shaƙi ƙura, nan ma da hannunta.

4.0 Yadda Haske Yake Tayar da Ƙwayar Mast

A nan akwai tambaya. Mun ce mafi yawan nau'in B yana tsayawa ne a fatar sama, ƙwayar mast kuwa tana fatar ƙasa. To yaya labari yake isa gare ta? Amsa ita ce, ta hanyar 'yan aike. Masana sun bi sawun wannan saƙo, mafi yawa ta hanyar gwaji a kan ɓeraye, wani kuma a fatar mutane, suka gano matakai kamar haka:

Mataki na 1: Haske yana faɗa wa ƙwayoyin fatar sama, ya lalata wani sashe na sinadarin gado da ke cikinsu, wanda ake kira DNA. Ƙwayar da ta ji rauni sai ta saki sinadaran neman agaji. Wadda raunin ya yi mata yawa kuma sai ta kashe kanta. Irin waɗannan matattun ƙwayoyi ne suke saɓulewa bayan kwanaki.

Mataki na 2: A can saman fata akwai wani sinadari mai suna urokanik. Idan nau'in B ya same shi sai ya sauya siffa. Sabuwar siffar tana zungurar bakin jijiyoyin ji, su kuma su saki nasu sinadaran a kusa da ƙwayar mast.

Mataki na 3: Da saƙonnin nan sun iso, sai ƙwayar mast ta zazzage ƙunshinta a cikin naman da ke kewaye da ita.

Mataki na 4: Histamin da sauran sinadaran suna buɗa ƙananan hanyoyin jini, jini ya kwararo da yawa, wurin ya yi ja ya ɗauki ɗumi. Bangon hanyoyin jinin yana sassautawa, ruwa ya tsattsafo cikin nama, wurin ya kumbura. Jijiyoyin ji suna ƙara kaifi, har taɓawar riga ta zama raɗaɗi. Daga ƙarshe fararen ƙwayoyin jini suna amsa kira su zo su kwashe abin da ya mutu.

A 1981 Barbara Gilchrest da abokan aikinta a Amurka suka haska fatar wasu masu sa kai, suna yankar ɗan ƙanƙanin nama lokaci bayan lokaci suna dubawa. Sun tarar ƙwayoyin mast sun zazzage ƙunshinsu tun a sa'o'in farko, histamin ya ƙaru a wurin, sannan abubuwa suka koma daidai cikin kimanin sa'a 24. Sai dai ya kamata a lura cewa ƙwayar mast ba ita kaɗai take wannan aiki ba. Wasu sinadaran da ƙwayoyin fatar sama da na hanyoyin jini suke saki su ne suke riƙe jan fatar na tsawon lokaci. Shi ya sa magungunan da ke toshe histamin, irin su Piriton, ba su cika yin wani tasiri a kan ƙunar rana ba.

Babbar shaidar da ke nuna cewa ƙunar rana ba ƙunar zafi ba ce ita ce jinkiri. Idan tafasasshen ruwa ya zubo wa mutum, nan take yake ji. Ƙunar rana kuwa ba ta bayyana sai bayan sa'a 3 zuwa 5, kuma tana kai maƙura ne tsakanin sa'a 12 zuwa 24. Yaron da ya wuni a gona zai dawo gida lafiya lau, sai da dare wuyansa ya fara raɗaɗi. Abin da yake ji martanin jikinsa ne ga ɓarnar da aka riga aka yi tun da rana. Ruwa ba ya tsami banza.

5.0 Fuska ta Biyu: Mai Tayarwa, Mai Kwantarwa

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce ƙwayar mast 'yar tayar da zaune tsaye ce kawai. Amma bincike ya nuna tana da wata fuskar. A 2007 Michele Grimbaldeston da Stephen Galli da abokan aikinsu a Jami'ar Stanford suka yi ta haska ɓeraye da nau'in B kaɗan-kaɗan na tsawon makonni. Ɓerayen da aka haifa ba su da ƙwayoyin mast sun fi sauran kumburi da gyambo. Dalili shi ne ƙwayar mast tana sakin wani sinadari mai suna intalukin na 10, wanda aikinsa shi ne ya ce wa sojojin jiki, "Ya isa haka." Wato mai gadin da ya busa usur ya tara jama'a, shi ne kuma yake ba su haƙuri su watse kafin su rushe gidan da suka zo ceto.

Wannan kwantarwa tana da amfani, amma tana da tsada. Tun a shekarun 1970 Margaret Kripke ta nuna cewa idan aka ɗauki sankarar da ɓoyayyen haske ya haifar a jikin ɓera aka dasa wa lafiyayyen ɓera, garkuwar jikinsa tana kashe ta. Idan kuwa aka dasa wa ɓeran da aka daɗe ana haskawa, sai ta yi ta girma. Ke nan hasken yana raunana garkuwar jiki. A 1998 Prue Hart da abokan aikinta a Adelaide ta ƙasar Ostareliya suka gano cewa a wani gwajin garkuwa da suka yi, wannan rauni bai faru ba a ɓerayen da ba su da ƙwayoyin mast, amma da aka dasa musu ƙwayoyin a fata sai ya bayyana. A 2008 kuma Scott Byrne da Stephen Ullrich suka nuna cewa bayan haskawa, ƙwayoyin mast suna tashi daga fata su tafi kaluluwa, inda jiki yake shirya sojojinsa, su kai saƙon a sassauta.

Idan aka haɗa waɗannan bayanai za a ga ɓoyayyen haske yana yin ɓarna biyu a lokaci guda. Yana lalata sinadarin gado, wanda hakan ke iya mayar da lafiyayyar ƙwaya ta zama ta sankara. Yana kuma sa masu tsaron da ya kamata su kashe wannan ƙwaya su yi sanyi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Likitoci sun mayar da wannan hali na hasken ya zama magani. Da fitila ta musamman da awo na ƙa'ida, ana haska fatar masu wasu cututtukan ƙaiƙayi da kumburi domin a kwantar da garkuwar da ta wuce gona da iri. Wannan aikin asibiti ne, ba a kwaikwayonsa da zama a rana.

6.0 Abubuwa Uku da Ake Rikitawa

A maganar yau da kullum, duk abin da ya fito wa mutum a fata da bazara sai a ce zafi ne. Ya kamata ɗalibi ya rarrabe uku:

(a) Ƙurajen zufa. Waɗannan lallai zafi ne yake kawo su. Ƙofofin zufa ne suke toshewa, kuma suna fitowa ko a cikin ɗaki ne, har a wuraren da tufa ta rufe.

(b) Ƙunar rana. Ɓoyayyen haske ne yake kawo ta. Tana bayyana bayan sa'o'i, a wurin da rana ta taɓa kaɗai, har a ga shatin wuyan riga.

(c) Borin jini na rana. Wannan ba shi da yawa a cikin jama'a. Mai shi da ya shiga rana, cikin 'yan mintoci fatarsa take tashi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, idan ya koma inuwa kuma ya lafa, galibi cikin sa'a 1 ko 2. A nan ƙwayar mast ce kan gaba, shi ya sa magungunan toshe histamin suke taimakawa.

7.0 Wa Abin ya fi Shafa?

Baƙar fata tana da kariya mai yawa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1979 ya nuna cewa kimanin kashi 7 cikin 100 na nau'in B ne yake ratsa fatar saman baƙin mutum, alhali a ta farar fata ya kai kashi 24. Duk da haka baƙar fata ma tana ƙuna, sai dai jan ba ya fitowa fili. Abin da ake gani shi ne ƙarin duhu da raɗaɗi da saɓa.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu lalurar zabiya, domin jikinsu ba ya haɗa melanin, ko kuma yana haɗa ɗan kaɗan. Gado ne daga uwa da uba baki ɗaya. A mafi yawan nau'o'insa, idan iyaye biyu suna ɗauke da ƙwayar gadon, ko da su baƙaƙe ne, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ta zuwa da zabiya. Ba a ɗaukarsa ta cuɗanya ko cin abinci tare. A 1975 Anezi Okoro, likitan fata kuma marubucin littattafan yara, ya buga nazarin da ya yi a kan zabiyoyi 1,000 a Nijeriya. Ya bayyana yadda rana take sa fatarsu ta yi tamoji da tabo da kaushi, daga nan ta kai ga sankarar da ke kashe wasu tun da ƙuruciya. Ya kuma nuna yadda raunin gani yake sa da yawansu barin makaranta, su koma ayyukan ƙarfi a cikin rana, wato inda haɗarin ya fi yawa.

A 2006 Jake Epelle ya kafa gidauniyar kare haƙƙin zabiyoyi a Abuja. A watan Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yunin kowace shekara domin wayar da kai a kan wannan lalura, kuma daga 2015 zuwa 2021 'yar Nijeriya Ikponwosa Ero ce ta riƙe muƙamin ƙwararriyar Majalisar a kan haƙƙinsu, ita ce ta farko. Duk wannan ƙoƙari yana ƙarewa ne a bakin wanda zai yi wa uwar zabiya bayani a ƙauye da harshen da take ji. A yankinmu, inda Gbagyi da Bassa da Gwandara da Fulani suke haɗuwa a kasuwa ɗaya, sau da yawa wannan harshe Hausa ne.

Rukuni na biyu su ne masu shafa man bilicin. Wasu mayukan suna hana fata haɗa melanin, wasu kuma suna sa ta yi siriri. Mai shafa su tana cire wa kanta laima ne a tsakiyar rana.

8.0 Matsalar Kalmomi

Masana Hausa sun daɗe suna aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi. Misali, a 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin harshe da adabi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Hanyoyin da aka saba bi uku ne: aro, fassara kai tsaye, da ƙirƙira bisa aikin abu. Bari mu gwada su a kan kalmomin wannan darasi.

(a) Ƙwayar mast. Idan aka fassara kai tsaye za a ce "ƙwayar turke", amma wannan zai dawo da zaton Ehrlich ne, wanda aka riga aka bari. Idan aka ƙirƙira za a iya cewa "ƙwayar gadi", sai dai akwai wasu ƙwayoyin da suke gadi a fata. Aro ya fi dacewa a rubutun ilimi, a rediyo kuma a bi shi da kwatancen mai gadi.

(b) Ɓoyayyen haske. Aron "altirabayolet" yana da nauyi a baki, kuma ba ya gaya wa mai sauraro komai. "Hasken gaba da shunayya" daidai ne, amma sai wanda ya san jerin launukan bakan gizo zai gane. "Ɓoyayyen hasken rana" ya fi isar da abin da ake bukata, wato akwai shi ko da ba a gan shi ba.

(c) Kumburi. Da wannan kalma aka saba fassara martanin da muka bayyana a sashe na 4.0. Amma tun ƙarni na 1 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa alamominsa huɗu: ja, kumburi, ɗumi da raɗaɗi. Ke nan kumburi ɗaya ne cikin huɗu. Idan aka ce wa uwa ta lura da kumburi, ba za ta damu da fatar da ta yi ja kawai ba. Shawarata ita ce a ce "tunzurin fata" idan ana nufin duka huɗun, ko kuma a jero alamomin ɗaya bayan ɗaya.

(d) Jijiya. Bahaushe yana kiran hanyar jini jijiya, yana kiran mai ɗaukar saƙon ji jijiya, har da wadda ta ɗaure nama da ƙashi. Mu da muka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu mun fi saurin tuntuɓe a irin wannan wuri. Dole a riƙa bambantawa: hanyar jini, jijiyar ji.

(e) Zafi. Wannan ita ce uwa uba. Kalmar tana nufin ɗumi, kamar a "ruwan zafi". Tana nufin raɗaɗi, kamar a "ciwon yana mini zafi". Tana kuma nufin lokacin bazara. Idan aka ce "a kare yaro daga zafin rana", mai sauraro zai fahimci cewa ranar da gari ya yi lumshi, ko iska tana kaɗawa, babu laifi yaro ya fita ba hula. Ga zabiya kuwa, wannan ita ce ranar da ya fi daɗewa a waje, domin babu zafin da zai kore shi zuwa inuwa.

Kwatanta waɗannan saƙonni biyu. Na farko: "Iyaye, ku kare 'ya'yanku zabiyoyi daga zafin rana." Na biyu: "Iyaye, a cikin hasken rana akwai wani ɓoyayyen haske da ke cin fatar zabiya, ko gari da zafi ko da sanyi, ko da girgije ko babu. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, yaro ya zauna a inuwa. Idan fita ta zama dole, a sa masa malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu." Na biyu ya fi tsawo, amma shi ne zai sa uwa ta ɗauko malafa a watan Agusta.

Sauran abubuwan da ya kamata saƙon ya ƙunsa su ne: a shafa man kariyar rana mai lamba 30 ko sama da haka a fuska da kunne da wuya da bayan hannu, a maimaita duk bayan sa'a 2, man kaɗanya da basilin suna laushin fata amma ba sa maye gurbinsa, idan inuwar mutum ta fi shi gajarta, hasken yana da ƙarfi, kuma duk wani kaushi ko gyambon da ya yi makonni bai warke ba, a kai shi asibiti, kamar asibitin koyarwa da ke nan Gwagwalada, tun yana ƙarami.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa ɓoyayyen haske daban yake da zafi, kuma ƙunar rana martanin jiki ce da ke zuwa bayan sa'o'i. Mun ga ƙwayar mast tana tayar da tunzurin fata da histamin, tana kuma kwantar da shi, kuma wannan kwantarwa tana iya buɗe wa sankara ƙofa. Mun ga cewa kalmomin zafi da kumburi da jijiya, idan aka bar su yadda suke, suna iya karkatar da saƙon likita. Rigakafi ya fi magani, amma rigakafin ba ya isa ga mutum sai ta kalmar da ya fahimta daidai.

Ga aiki ga mai karatu. Na ɗaya, ka rubuta sanarwar rediyo ta minti 1 a kan kare fatar zabiya ba tare da ka yi amfani da kalmar "zafi" a ma'anar haske ba. Na biyu, ka binciki yadda harshenka na gida yake kiran zabiya da borin jini da kaluluwa, ka kwatanta da na Hausa. Na uku, idan kana da kalmar da ta fi "tunzurin fata" dacewa, ka aiko wa wannan mujalla da ita tare da hujjarka.